Buhunan Dunoma Mai Zoɓo

Duk wanda ya shiga Kanya Babba ya tambayi gidan Dunoma mai zoɓo, ba ya tambayar mutum biyu. Na farkon zai ce masa ya wuce maƙera, ya bar rijiya a hannun hagu, inda ya ga ƙyauren ƙofar gida ya yi ja, nan ne. A gidan aka yanke wa Dunoma cibiya. Kakansa ne ya zo daga Barno da jakuna ɗauke da kanwa, ya sauke kaya a gindin wata tsamiya, ya ce ƙafarsa ta gaji. Tsamiyar ta faɗi tun muna samari, zauren da ya gina kuwa yana nan.

Ni Bafulatani ne daga Gwiwa, shi Babarbare, don haka shekara hamsin ke nan kowannenmu yana kiran ɗan'uwansa bawa, kuma har yau ba mu daidaita a kan wanda ya sayi wani ba.

Zoɓo ya ci rayuwarsa duka. Mutane da yawa suna nomansa a ƙasar Babura, amma yawanci a ƙasa suke shanyawa, iska ta zuba yashi, awaki su taka. Dunoma bai taɓa yarda fure ɗaya ya taɓa ƙasa ba. A kan tabarmi yake shanya nasa, ya juya da safe, ya juya da la'asar, sannan shi da matarsa Amna su zauna su tsince, ɗaya bayan ɗaya. Idan ya cusa hanci a buhu yakan faɗi ko an cire furen da raɓa a jikinsa. Yatsunsa sun rine da wani ja mai duhu wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Na ga wannan jan a kan carbinsa, na gan shi a bakin aljihun kowace rigarsa.

Kowace kaka motar Alhaji Muhammadu Lawal, wani attajirin Kano mai fitar da kaya ƙasashen waje, takan tsaya a bakin lungun. A juye zoɓon Dunoma cikin buhunan Alhaji masu ɗauke da sunan Alhaji, a ɗinke, a tafi. Haka aka yi shekara ashirin da wani abu.

"Ban ce ya cuce ni ba," in ji Dunoma wata rana muna zaune a zaure. "Mutumin kirki ne. Amma ka duba, bawana. Wani yana can bayan teku yana shan abin da hannuna ya tsince, yana sa wa Alhaji albarka. Alhajin da ko ganyen yakuwa bai iya bambantawa da rama ba. Ina so ko sau ɗaya buhu ya haye ruwa da sunana a jikinsa. Shi ke nan abin da nake so."

Na ce masa Barebari dama ba su ƙoshi da suna. Ya ce gara su da Fulani, da ba su ƙoshi da yawo.

'Yarsa ta uku, Bilqis, ita ce ta yi karatu mai zurfi a gidan. Tana aure a Kazaure, tana koyarwa a wata makaranta. Ita ta riƙa ɗaukar hoton tabarmin mahaifinta da waya tana sakawa a intanet, har wata mata mai ɗan ƙaramin kamfanin shayi a Ingila ta gani, ta nemi a aika mata kaɗan ta gwada. Aka aika. Bayan wata guda ta rubuto cewa ba ta taɓa jiƙa zoɓon da bai bar yashi a gindin kofi ba sai wannan. Ta ce za ta riƙa saye duk shekara, za ta kuma rubuta sunansa a jikin kwalin. Sharaɗinta ɗaya ne: ita ba ta iya hulɗa da mutum a kan kansa daga nesa, sai da kamfani mai rajista a ƙasarsu, wanda yake da asusun banki da sunansa.

Bilqis ta bincika, ta dawo da murna. Ashe mutum yana iya yin rajistar kamfani a can ba tare da ya taɓa taka ƙasar ba. Dunoma ya je Dutse ya yi fasfo, shi da bai taɓa wuce Zariya ba. Ran wata Laraba suka shiga shagon kwamfuta a Kazaure, ni ma na raka su, Bilqis tana karantawa tana fassarawa, shi yana amsawa da hula a gwiwa kamar mai gaban alƙali. Da aka zo wurin da ake son adireshin kamfanin a can Ingila, ta ce akwai masu bayar da hayar adireshi, su karɓar maka wasiƙa.

"Wato ina da ofis a Ingila?"

"Akwatin wasiƙa ne, Baba. Ku kusan dubu ne a adireshin."

Ya juyo ya dube ni. "Ka ji ko? Maƙwabta dubu gare ni a Ingila. Kai kuwa a Gwiwa shanu ne maƙwabtanka."

Kwana biyu takardar ta iso. Dunoma Zoɓo, da haruffa uku na Turanci a baya masu nuna kamfani ne. Ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye a zaure. A makon nan ya hau mota zuwa Kano, ya sa aka buga masa sunan da jan fenti a kan sababbin buhuna ɗari biyu. Da ya sauke su, Amna ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Malam, da ka bari an gama da bankin tukuna."

"Wanda ya ba ni kamfani cikin kwana biyu, asusu ne zai gagare shi?"

Amna ta ajiye muciyar. Ta share ɗakin da babu laima, ta jera buhunan a kan katako.

Bankin na Ingila bai tambayi abu mai yawa ba. Fasfo, an ba shi. Takardar kamfani, an ba shi. Sai shaidar inda mai kamfanin yake kwana: takardar kuɗin wuta, ko ta ruwa, ko wata ta hukuma, mai ɗauke da sunansa da sunan titi da lambar gida, wadda ba ta wuce wata uku ba.

Dunoma ya yi dariya da ya ji. A ganinsa wannan ce tambaya mafi sauƙi da aka taɓa yi masa. Ya sa babbar riga ya tafi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya sa aka rubuta cewa Dunoma ɗan Muhammad Nur, jikan Dunoma mai kanwa, a wannan gida aka haife shi kuma a nan yake zaune, ya buga hatimi. Liman ya sa hannu. Dattawa uku da suka halarci raɗin sunansa suka dangwala yatsa. A garinmu, da irin wannan takarda ana raba gado, ana kashe rigimar gona.

Amsa ta dawo cikin sa'a guda, layi biyu. Ba a karɓar irin wannan.

Aka aika takardar bankinsa na gida. A wurin adireshi an rubuta Kanya Babba, Babura, ba ƙari, domin ranar da ya buɗe asusun abin da ya faɗa ke nan, kuma ya isa. Suka ce babu titi, babu lamba. Ruwansa na rijiya ne, rijiya kuwa ba ta aika wa kowa takarda. Wayar lantarki ta tsaya a maƙera, ba ta ƙaraso lungunsu ba. Fitilarsa da cajin wayarsa daga faranti ɗaya na hasken rana suke, a kan rufin zaure.

Sai ya yi abin da har yanzu idan na tuna ban san ko dariya zan yi ba. Ya je wurin mai walda ya sa aka yanka farantin ƙarfe, aka shafa shuɗin fenti, aka rubuta Titin Dunoma, aka kafa a bakin lungu. A ƙofar gidan ya sa aka rubuta lamba ɗaya. Ya tsaya a ƙarƙashinta da fasfo a hannu, Bilqis ta ɗauki hoto, ko da yake tun kafin ta ɗauka ta san amsar. Ba ta iya hana shi ba.

Banki huɗu suka gwada cikin wata bakwai. Babu inda ya sami mutumin da zai yi wa bayani. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ya riƙa cewa, "A haɗa ni da babbansu mana. In ya ji muryata zai san ba ɓarawo ba ne." Bilqis ta ce babu babba, Baba, na'ura ce take dubawa.

Ranar wata Asabar da hantsi ta zo daga Kazaure a kan babur, ta tarar da mu a zaure. Ta gaishe ni, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ce ta samo hanya biyu.

"Ta farko, gidanmu na Kazaure yana da mita, yana da lamba. Akwai wanda zai gyara takardar ta fito da sunanka. Mutane suna yi, Baba."

"A ƙarshen takardar tasu, me kika ce ana sa hannu a kai?"

"Cewa duk abin da aka faɗa gaskiya ne."

"To rantsuwa ce. Shekara sittin da uku ina kwana a gidan nan. A ɗakin can uwata ta cika. Sai yau in rantse a Kazaure nake kwana, a gidan suruki? Faɗi ta biyun."

"A mayar da kamfanin gaba ɗaya sunan mijina. Shi yana da duk takardun. Adireshin mai kamfani bankin yake tambaya, in shi ne mai shi, an gama."

Ya dubi jajayen yatsunsa.

"Mijinki yaron kirki ne. Amma in na ba shi, me ya raba shi da Alhaji Muhammadu Lawal?"

"Sunanka yana nan a buhu, Baba."

"A buhu. A takarda kuwa na wani. Kamar mutum ya ari rigarsa da kansa."

Bilqis ta juyo wurina idonta ya cika. "Baffa, ka yi masa magana. Matar nan ba za ta jira har abada ba."

Na yi masa. Na ce taurin kan Barebari ne zai kashe shi. Bai rama ba, kuma a shekara hamsin wannan ne karo na farko da na tsokane shi ya ƙyale. Daga nan na san maganar ta ƙare.

Matar ta jira kaka ɗaya. Ta rubuto sau uku, da ladabi. A ta huɗu ta ce ta sami wani mai fitar da kaya daga Kano wanda takardunsa suka cika, tana yi masa fatan alheri. Ba ta faɗi suna ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Kamfani a can, ashe, kamar dabba yake, sai ana ba shi abinci. Duk shekara akwai takardar da ake cikewa a nuna yana raye, a sabunta hayar adireshi. Da lokacin ya zo Bilqis ta tambaye shi. Ya ce a bar shi ya huta. Bayan wasu watanni saƙo ya shigo wayarta cewa an cire sunan daga rajista. Ta riƙe maganar mako guda kafin ta iya faɗa masa. Kamfanin ya rayu kusan shekara biyu, bai sayar da fure ko ɗaya ba.

A kakar bara motar Alhaji ta tsaya a bakin lungu, daidai gindin shuɗin farantin. Buhu ya yi tsada a shekarar, yaran Alhaji ba su zo da isassu ba. Dunoma ya ce yana da sababbi ɗari biyu a ɗaki. Wakilin Alhaji ya ɗaga ɗaya, ya karanta jan rubutun, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Buhu mai sunan wani kamfani ba ya shiga motarmu. A tashar ruwa za a tsare kayan. Sai dai a juya su."

Ina wurin. Amna ta fito da tabarma, muka zauna mu uku. Mutum yakan cusa hannu har ƙasan buhun, ya kamo gindin, ya jawo, cikin ya koma waje. Dunoma ya fi mu sauri. Da ya ga na bar kusurwa a lanƙwashe, ya ce, "Bawana, ko juya buhu sai an koya maka?" Na ce masa ni ba a haife ni don aikin bayi ba. Ya ɗan murmusa.

Aka cika su, aka ɗinke, wakilin ya bi kowanne da tambarin Alhaji. Idan rana ta bugi buhun ta wani gefe, kana iya hango jan rubutun ta cikin saƙar, a juye, kamar abu a ƙarƙashin ruwa. Dunoma ya tsaya har motar ta sha kwanar maƙera.

Takardar gilashin tana nan a zaure, ƙura ta hau ta, Amna ba ta gogewa kuma ba ta saukewa. Farantin ma yana nan. 'Yan acaɓa sun riƙe sunan, yanzu in ka ce Titin Dunoma daga tasha za a kawo ka. Wasiƙa dai ba ta taɓa zuwa lamba ɗaya ba.

Bana idonsa na dama ya fara yana. Na same shi makon jiya a kan tabarma yana tsintar zoɓo da lalube, yana gane tsakuwa da yatsa. Na tambaye shi ko buhunan sun ƙare. Ya ce saura goma sha ɗaya, Amna ta zuba gero a ciki. Waɗannan ba a juya su ba, tunda ba inda za su.