Littafin da Ya Kai Yaya Nura Kumasi

Wata Asabar a shekarar 2002, ba a daɗe da gobarar babbar kasuwar Terminus ta Jos ba, Baba ya riƙe hannuna muka ratsa ta gaban ginin da ya yi baƙi ƙirin. Ƙauri bai gama barin wurin ba, 'yan kasuwa sun baje abin da ya rage musu a bakin titi, suna ciniki suna waige-waige. Zare muka zo saye, don Baba tela ne, amma sai ya tsuguna gaban wani Bayarabe mai tsofaffin littattafai, ya daɗe yana jujjuya wani mai kauri da bangonsa ya fara yagewa. Littafin jagorar matafiya ne na ƙasashen Afirka ta Yamma, da Turanci, irin wanda Bature ke gama yawonsa ya yar. "Oga tela, wannan littafi za ta kai ka har Ghana ba tambaya," in ji mai kayan. Baba ya biya ko tayi bai yi ba. Ni da na san shi da jan ciniki a kan allura guda, sai na san ba banza ba.

A lokacin ina aji biyar, muna zaune a unguwar Kwararafa, ni da Baba da Umma da Kaka da yayana Nura. Tun rikicin shekarar da ta gabata rayuwa ta ƙanƙance mana. Carafke da 'yar gala-gala da muke yi a ƙofar gida suka koma tsakar gida, kusa da rijiyar da nake jan ruwa da safe hannuna na ƙanƙarewa don sanyi. A makaranta in taya ta fashe a titi sai ka ga aji ya watse, iyaye sun cika bakin ƙofa da zani a hannu. Kowane yaro ya haddace layin da ake bi da wanda ba a bi, ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. Yaya Nura kuwa, da ko gemu bai tsiro ba, ya shiga cikin samarin da ke gadin unguwa. Ya daina zama a shago, ya daina tsokanata da sunan "mai kunnen zomo", idonsa kullum ja. Ranar da nake shara na jawo adda daga ƙarƙashin katifarsa, Umma ta karɓa ta kai wa Baba. Kaka ce ta faɗi abin da kowa ke tsoro, ta ce yaron nan in ba a ɗauke shi daga garin nan ba, ko dai a kawo mana gawarsa ko shi ya ɗauki ran wani.

Daga nan littafin ya zama aikinmu na bayan la'asar. Baba na kan keken ɗinki, Umma na fere dankali, mu kuma muna karɓa-karɓa ni da Yaya muna karantawa muna fassarawa. An gaya wa Yaya cewa rakiya zai yi, za su je Kumasi su gaida Kawu Garba, ƙanin Baba da ke ɗinki a can zango, unguwar Hausawa, su dawo. Shi hankalinsa na kan hotunan teku da kasuwa, Baba kuwa ba ruwansa da su. A littafin muka ji cewa sai an ƙetare Benin da Togo, cewa ba a wucewa sai da katin allurar shawara, cewa kada a yi canji da masu tare mutum a bakin iyaka, a kuma isa iyaka da sauran rana. Baba yakan sa a maimaita masa sunan kowace tasha har ya zauna masa. Da Kaka ta yi masa tsiya cewa ai matambayi ba ya ɓata, sai ya ce, "A da ke nan, Hajiya. Yanzu tambaya ita ke tona cewa kai baƙo ne."

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗinkin. Da muka karanta cewa Kumasi gari ne mai zafi da yawan ruwan sama, Baba ya yanko yadi marar nauyi ya shiga ɗinka wa Yaya kaya. Na tashi a gindin keke, na san awo. Rigunan sun yi masa yawa a kafaɗa, wandunan kuma an naɗe musu ƙafa ciki sosai yadda za a iya warwarewa in mutum ya ƙara tsawo. Yaya ya gwada yana dariya wai Baba ya fara tsufa, awo na kuɓuce masa. Umma ta tashi ta shige kicin. Ni kuma a nan na gane ba kayan zuwa gaisuwa ba ne.

Suka tafi da safe, muka raka su tasha, Yaya na yi mini alkawarin kwalbar ruwan teku. Kwanakin da suka biyo baya ko sallama aka yi sai mu zabura. Da Baba ya dawo, shi kaɗai ya shigo da jakarsa. Ya ce littafin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, sun isa lafiya, ba wanda ya cuce su. Da Umma ta tambayi yadda suka rabu, sai ya ce ya bari Nura ya bi Kawu shago, shi kuma ya nufi tasha. Na yi kuka har na gaji, na kuma daɗe ina jin haushin Baba. Sai da gari ya sake rikicewa bayan wasu shekaru, aka shigo da labarin samarin da Yaya ke gadi tare da su, waɗanda suka fita ba su dawo ba, sannan na daina.

Yau mai shirin tafiya waya yake latsawa, ta nuna masa hanya da masauki, in ya sauka kuma a ga fuskarsa nan take. Haka nake ganin Yaya Nura yanzu, da furfura a gemu, a shagonsa na kansa, Hausarsa ta koma ta mutanen zango, 'ya'yansa na kirana Gwaggo ba su taɓa jin sanyin Jos ba. Yana da rai, kullum ina gode wa Allah a kan haka. Amma yaron da ya fita daga gidanmu ran nan bai dawo ba har yau.