Ƙaiƙayin da Ya Kai Mu Asibiti Ni da Inna

A shekara ta biyu da fara koyarwata a wata makarantar firamare a Kalgo na daina zama a kan kujerar aji. Ina shiga sai in ajiye jaka a kanta, in ɗauki alli, in yi ta kai da kawowa tsakanin allo da bayan aji har a buga ƙararrawa. Hedimasta ya taɓa yaba mini a gaban sauran malamai, ya ce ga malama mai himma. Kai kawai na sunkuyar. Ƙaiƙayi ne ke hana ni zama, irin wanda ba a sosawa a gaban mutane, ba a kuma faɗin inda yake.

Da raɗaɗin fitsari abin ya fara, cikin bazara. Makewayin malamai mata ba shi da ƙofa, wani tsohon buhu aka rataya, iska na ɗaga shi yadda ta ga dama. Saboda haka na saba wa kaina ba na shan ruwa da safe, in fitsari ya matse ni kuma sai in riƙe shi har in koma gida bayan azahar. Ranar da na ji kamar an zuba mini barkono a mara, na tsaya a wani kemis a kan hanya. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗa. Mai kemis ɗin bai bari na ƙarasa ba.

"Sanyi ne, Malama. Ga bayi ake ɗaukar shi."

Ya ba ni kafso na sha kwana biyar, raɗaɗin ya tafi. Ban yi mako biyu ina murna ba sai ga ƙaiƙayi, sai ga wani farin ruwa mai gudaji kamar kindirmon da ya tsinke. Na koma. Ya canza mini kafso, ya ƙara da allura. Daga nan kusan kowane wata ina bakin kantarsa. In na sha in ɗan samu sauƙi, ko in ɗauka na samu, sannan abin ya dawo fiye da da.

Abin da ya fi ciwon cin raina shi ne salla. Sai in yi alwala in tayar da kabbara, zuciya ta ce mini kin tabbata kina da tsarki? In sallame in koma bayi. A tunanina ƙazanta ce ta jawo mini, don haka maganinta wanki. Na sayi sabulu mai magani, na riƙa wankewa ciki da waje da ruwan zafi, sau shida, sau bakwai a yini. Ban gaya wa kowa ba, amma kunnena na buɗe. In malamai mata suna hira a ofis aka ambaci sanyi, sai in yi kamar ina duba littattafan yara, alhali ina haddace abin da suke faɗa. Wata ta ce tafarnuwa ake cusawa, na cusa. Wata ta ce ruwan kanumfari, na yi. A wayata ma akwai zauren mata da kullum ake turo haɗi, na gwada na alif, na gwada wani garin da ko sunansa ban sani ba. Gidan haya muke zaune, igiyar shanya ɗaya ce a tsakar gida, kunya ba ta bari in shanya kamfai a kanta. A ƙusa nake rataye su bayan ƙofar ɗaki in rufa tawul, wani lokaci da sauran danshi nake sawa in tafi makaranta.

Maigidana injin ban ruwa yake gyara wa manoman shinkafa, yini yake a fadama. Mutum ne marar yawan magana, ni kuma na fara gudunsa, don duk lokacin da ya kusance ni sai na kwana biyu ina jin jiki. Na kuma fara zarginsa a zuci. Na ji ana cewa maza ne ke kwaso wa mata, sai na riƙa kallonsa in ya dawo, ina ƙirga inda ya biya. Wata rana da la'asar yana wanke hannu da kananzir a bakin ƙofa, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Malama, in wani laihi na yi miki, ki hwaɗa mini."

Na ce babu komai. Ya ci gaba da goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na shige ɗaki, na tsaya, na fito, na sake komawa. Haka na zama, ba na iya minti biyar wuri ɗaya.

Da aka yi dogon hutu na ce zan je gida Gwandu in ga Inna. A mota daga Birnin Kebbi gefe ɗaya na zauna, ina ta gyara zama har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ciki ne. Inna kuwa yini ɗaya ya ishe ta. Ni ce autarta, ba ta jin nauyina kamar yadda take jin na yayyena. Tana tankaɗe a tsakar gida, ni ina ta zagaye, in taɓa tulu, in gyara murhu, sai ta ajiye rariya.

"Auta, mi ya same ki? Tun jiya ban ga kin zamna ba."

Na fashe da kuka, na gaya mata. Wata biyar ke nan ban furta wa wata mace ba.

Ba ta yi mamaki ba. Ta tashi ta ɗebo bagaruwa ta tafasa, ta juye a baho ta sirka, ta ce in shiga in zauna kamar yadda ake yi wa mai jego. Ina zama na yi ƙara na miƙe, ji na yi kamar an ɗora mini garwashi. Inna ta turo ƙyauren ta shigo, ta ce in bari ta gani. Rabon da ta ga jikina tun ina yarinya. Ta duba, sannan ta ce:

"Duk kin saɓe hwatar. Wanga ya hi ƙarhin bagaruwa. Gobe asibiti za mu."

Da safe muka tafi. Nas ɗin da ta karɓe mu babbar mace ce, da tabarau a kan hanci, ta rufe ƙofa ta bar Inna a kan benci a gefen ɗakin. Ban taɓa zuwa neman magani an yi mini tambayoyi da yawa haka ba. Da me nake wankewa, sau nawa, ciki ko waje. Wane irin kamfai nake sawa, a ina nake shanya shi. Ruwa nawa nake sha. Kafso nawa na sha tun farkon abin. Da na zazzage mata sauran magungunan daga jaka a kan tebur, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malama, ke da ke koyar da ɗiyan mutane?"

Kunya ta kama ni, amma ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta duba ni, ta ɗauki ruwan da ke fita a ɗan tsinke mai auduga, ta ba ni kwalba in kawo fitsari, ta soki yatsana don gwajin suga. Kafin sakamako ya fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce gaban mace ba wurin da ake so ya zama wanke tas ba ne kamar kwano. Akwai wasu ƙananan halittu masu amfani da Allah Ya ajiye a wurin, ido ba ya ganinsu, su ne ke sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin nan kuma shi ke hana masu cutarwa yaɗuwa. Ta ce ciwona na farko mai yiwuwa na mafitsara ne, ƙarancin shan ruwa da riƙe fitsari na taimaka masa. Kafson da na yi ta sha ba gwaji ya kashe na mafitsarar, ya haɗa da masu gadin nan, sai wani nau'in da kafso ba ya kashewa ya samu fili. Ni kuma na bi da sabulu da alif da ruwan zafi ina ƙarasa 'yan da suka rage.

Na ce, "To Hajiya, ba daga bayi na ɗauka ba?"

"Da wuya. Kowa bayi yake ɗora wa laifi."

Na yi ƙasa da murya don kada Inna ta ji. "Maigidana fa?"

Ta ce akwai cututtukan da ake ɗauka ta wurin kwanciya, in gwaji ya nuna irinsu dole a yi wa mata da miji magani tare, shi ya sa ba a shan magani da ka. Amma abin da ta gani a jikina bai yi kama da su ba, mu jira takarda. Da takardar ta zo ta tabbatar da maganarta. Na tuna irin kallon da na yi wata da watanni ina yi wa bawan Allahn nan.

Sugana lafiya lau. Tana rubutu take faɗa mini dalilin gwajin, cewa mace mai ciwon suga takan yi ta fama da irin wannan ƙaiƙayi yana tafiya yana dawowa, ga yawan ƙishirwa, ga yawan fitsari. Ta tambaya ko akwai mai suga a gidanmu. Na ce babu. Sai muka ji Inna ta yi gyaran murya daga kan benci.

"Ɗiyata, wanga da kika lissaho, in tsohuwa na da shi hwa?"

Muka juya muka dube ta. Tana kallon ƙasa, tana murza bakin mayafinta. A nan na ji cewa Inna ta fi shekara uku tana fama da ƙaiƙayi. Bagaruwar da ta tafasa mini ma daga cikin tata ta ɗebo. Ta ɗauka tsufa ne, kuma a ganinta ba maganar da mace mai jikoki za ta kai wa kowa ba ce. Sai a lokacin na tuna yadda take yini da moɗa a hannu, da yadda zanenta ya fara yi mata yawa. Nas ta soki yatsanta, ta dubi na'urar, ta ce gobe ta dawo ba ta ci komai ba a sake. Aka sake, likita ya gan ta, ya ce suga ne, ya kuma daɗe a jikinta.

Ni magani kaɗan aka ba ni, na sawa da na shafawa, na 'yan kwanaki. Sauran duk hani ne da gyaran hali. Wankewa da ruwa zalla, waje kawai, daga gaba zuwa baya. Kada in ƙara cusa komai. Kamfai na auduga, a shanya shi a rana ya bushe sarai. In sha ruwa, in daina riƙe fitsari, in kuma yi fitsari bayan kwanciyar aure. Na tambayi nas ɗin batun nono, don na ji ana cewa yana magani. Ta yi dariya ta ce in sha abina abinci ne mai kyau, amma kada ta ji na kai shi inda ba a ce ba. Maganar tsarki kuwa ta ce in tambayi malamar islamiyyarmu, kada in bar waswasi ya mayar da ni gidan jiya.

Barin wankin nan ya fi shan magani wuya. Sati na farko sai in tsinci kaina a bayi da sabulu a hannu, in tsaya ina gardama da zuciyata. A ƙarshe na ba Inna sabulun na ce ta yi wanki da shi. Ƙaiƙayin ya lafa cikin kwana huɗu, fatar kuwa ta ɗauki kusan wata kafin ta koma daidai. Ko bayan nan ban yarda na warke ba, da na ji ɗan motsi sai gabana ya faɗi.

Da na koma Kalgo na gaya wa maigidana komai, har zargin da na yi masa. Ya ce da na faɗa tun farko da shi da kansa zai kai ni. Kwana biyu yana ɗan ɗaure fuska, ban ga laifinsa ba. Ran na uku ya ɗaura mini igiya ta daban a bayan ɗakinmu inda rana ke bugawa. Da aka koma makaranta na tara malamai mata huɗu muka je wurin hedimasta kan ƙofar makewayi. Ni na yi magana. A kan hanyar fitowa biyu daga cikinsu suka ja ni gefe, kowace da irin nata ciwon. An sa ƙofar kafin ƙarshen zango.

Ciwon ya dawo mini sau ɗaya, a bazarar da ta biyo baya, bayan na sha kafso saboda ciwon haƙori. Wannan karon asibiti na nufa tun kwana na biyu, ya kuma wuce cikin mako.

Hankalina yanzu a kan Inna yake. Ƙaiƙayinta ya tafi tun da sugan ya fara sauka, amma ita da magani kullum sai an yi daru, ga ta da son fura mai zaƙi. Kowane wata nakan je Gwandu in raka ta awo, tsakani kuma waya ce, in ban same ta ba sai in kasa cin abinci. Makon jiya na kira ta, ta gama yi mini ƙorafin kokon da ba suga, wai kamar ruwan wanke tukunya. Ina shirin kashewa ta ce in tsaya. Wata ƙawarta daga Masama za ta shigo ranar kasuwa, ƙawar ta gaya wa Inna wata magana a asirce, Inna kuma ta ce mata kada ta karya kumallo ranar.

"Ƙarhe nawa suka buɗe wurin sukan yatsan nan?"

Na ce takwas. Ta ce to za su isa tun bakwai, don ƙawar tata matsoraciya ce, in ta ga layi ya yi tsawo gudu za ta yi.