Sauran Kwanakin Takabar Inna

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ƙarshen daminar shekarar da na cika sha uku. Mu biyar ne a wurin, a gidanmu da ke wani ƙauye a yankin Tsafe. Limamin garin yana zaune a kan tabarma a tsakar gida. Mahaifina yana tsugune a gindin bango. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda direba ne a Gusau, yana tsaye da makullin mota a hannu, ya ƙi zama. Ni ina bakin ƙofar ɗaki. Kakata, wadda kowa a gidan ke kira Inna, tana daga ciki, bayan asabari, domin takaba take yi.

Ga abin da ya tara mu. Da safiyar ranar, 'yan bindiga suka sako wani mutumin garinmu da suka kama a gona, suka ba shi saƙo: kowa ya bar garin kafin Juma'a. Ba wanda ya ɗauki saƙon da wasa. Da farkon daminar nan su ne suka harbe kakana a hanyar gona, ya fita shuka. Tun daga ranar Inna take zaune a ɗakin mijinta, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita. Cikin wata huɗu da kwana goma na takaba, saura mata kwana goma sha ɗaya.

Baffa ne ya fara magana. "Inna, don girman Allah. Ga mota can a waje. Na share miki ɗaki a Tudun Wada, har sabuwar katifa na saya."

"Katifa na ce maka ina so?"

Liman ya gyara murya. Ya yi bayani a tsanake, cewa addini bai matsa ba. Idan mai takaba ta ji tsoro a kan ranta, ya halatta ta tashi ta ƙarasa kwanakinta inda take da aminci, kuma babu abin da zai ragu daga ladanta.

"Na ji, Malam," in ji Inna. "Ya halatta in tashi. To, ya haramta in zauna?"

Liman ya ce, "Ban ce ya haramta ba. Amma rai amana ne, Inna."

"Amana ne. Su sunka sa ni takabar ga, Malam. Ba su za su zaɓa mini inda zan ƙare ta ba."

Mahaifina shi ne ɗanta na fari. Kun san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Sai dai a aika. Ni ce 'yar aiken, don sunanta na ci, kuma a ɗakinta na tashi.

"Takwara," ta ce, "gaya wa wancan ya kwashi iyalinsa ya shiga mota."

Taku uku ne tsakaninsa da ƙofar, kuma ya ji sarai. Duk da haka na juya na maimaita masa.

"Ce wa Inna iyali za su shiga," in ji shi. "Ni kuwa, kwanan da ya rage mata shi ya rage mini."

Na juya na faɗa.

"Ce mai taurin kai ba shi da kyau."

Baffa, da ransa yake a ɓace tun zuwansa, sai da dariya ta kuɓuce masa. "Oh, Inna! A ina kike jin ya samo shi?"

A nan maganar ta tsaya. Liman ya yi addu'a, ya naɗe tabarmarsa, ya tafi haɗa nasa kayan.

Abin da na fi riƙewa shi ne yadda matar da ta ƙi tashi ita ce ta shirya mana tashi. Daga wannan yammacin zuwa hantsin Alhamis, tana zaune a bakin ƙofarta da carbi, tana ba da umarni, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

Mahaifiyata ta fara sauko da kwanukan jerenta, waɗanda aka kawo ta da su. Inna ta ce, "Aje su. In mota ta tsaya a hanya anka ce ku sauka ku ruga, da su za ki ruga?" Ta ce kowa ya ɗaure ƙunshi ɗaya, wanda zai iya gudu da shi a ka. Abinci kuma sai wanda ba ya bukatar wuta. Muka soya gyaɗa, muka yi ƙuli-ƙuli, har ƙamshin mai ya kama tufafinmu. Har yau in na wuce inda ake tuyar ƙuli a kasuwa, sai na tuna daren nan. Takardun makaranta, katin asibitin yara da takardar gona, ta sa aka naɗe su a leda, mahaifiyata ta ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin zane. Ta ƙulle irin gero da na wake a tsumma ta ba ta. Ta hana mu sa silifa, ta ce kowa ya nemi takalmin da ba zai fita a gudu ba.

Sannan ta raba mu biyu-biyu, babba da ƙarami. Ni aka ba ni ƙanena mai shekara huɗu. "In kika saki hannunsa, kada ki ƙara ce mini Inna," in ji ta. Ƙananan kuma ta sa su a gaba tana biya musu kamar karatun allo: sunan ubansu, sunan garinmu, da kuma Gusau, Tudun Wada, gidan direba. Sai da kowanne ya faɗa sau uku ba kuskure ta sallame shi.

Shirin masu zama daban ne. Rijiyarmu a bakin gari take, don haka muka cika duk randunan gidan da tuluna da duro ɗaya. Muka daka geron kwana goma sha ɗaya a lokaci guda, mu huɗu a kan turmi biyu, saboda ƙarar taɓarya tana tafiya nesa, kuma bayan tafiyarmu ba za a ƙara daka ba. Aka yanka zakara don kada ya yi cara. Aka loda awaki a mota. Aka tara gawayi, domin itace yana hayaƙi. Mahaifina ya fasa katangar baya daidai yadda mutum zai iya rarrafawa ya faɗa cikin gonar dawa, ya jingina tsohuwar zana a wurin. Dawar ta yi kai a lokacin, ta fi mutum tsawo.

Duk wannan Inna ta yarda da shi. Abu ɗaya ta ƙi. Mahaifina ya aiko ni in ce a daina share tsakar gida, a bar ganye da kashin awaki, don wanda ya leƙo ya ɗauka ba kowa.

"Ce mai a'a. In sun zo, gida za su tarar. Kufai sai bayan na fita."

Da mota ta cika, na koma ƙofarta na ce ni ma zan zauna. Ina kuka, ba na ɓoyewa.

"Ki zauna ki yi mini mi?" ta ce. "Ke da kununki duk gudaji? Tahi, Takwara. Yaron can yana jiran hannunki."

Ba ta rako mu ƙofar gida ba, mai takaba ba ta rakiya. Ta tsaya a bakin ɗakinta cikin farin mayafinta da ya dafe, har muka fita.

A Gusau muka zauna mu goma sha biyu a ɗaki biyu. Mutanen garinmu suka watsu, wasu wajen dangi a Bungudu, wasu a Karakkai, wasu a azuzuwan wata makaranta. Kwana biyu-biyu, da azahar, mahaifina yakan kunna wayarsa ya hau kan rumbu inda ake samun layi, ya ce, "Lafiya lau," ya kashe. Baffa yakan ajiye wayar a kan gwiwarsa tun ƙarfe goma sha biyu. A rana ta bakwai kiran bai zo ba. Bai zo ba a ta takwas. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Baffa ya tayar da mota sau biyu, sau biyu maƙwabta suna zare makullin.

Abin da ya faru a rana ta bakwai, daga bakin mahaifina na ji shi daga baya, kuma zan faɗe shi yadda ya faɗa. Da hantsi suka ji babura. Ya miƙe yana tunanin ya ɗauke ta ko ya tsaya a gabanta. Sai Inna ta dube shi, ido cikin ido, ta ce, "Kai. Fita." Ya ce shekararsa arba'in da shida, ranar ce ta fara yi masa magana ba ɗan aike. Ya fita ta ramin katanga, ya kwanta cikin dawa, kunnensa a jikin bango. A rarrafen nan wayarsa ta fashe.

Mutum ɗaya ne ya shigo tsakar gida. Muryar saurayi ce.

"Tsohuwa, wa ke share gidan ga?"

"Ni."

"Ina mutanen gida?"

"Mai gidan kun kashe shi da farkon damina. Takabarsa nika yi."

"Ba ki ji an ce a tashi ba?"

"Na ji. Saura kwana huɗu."

"In munka dawo kina nan fa?"

"Kwana huɗu na ce maka, yaro. Sai in ba ka iya ƙirga ba."

Mahaifina ya ce a nan ya rufe ido yana jiran ƙarar bindiga. Ba ta zo ba. Suka fasa rumbu suka kwashe geron da ke ciki, suka harbi randa biyu da ƙafa, suka tafi. Ban san abin da ya hana saurayin nan harbi ba, kuma ba zan ƙirƙiro masa dalili ba. A wata unguwa kusa da mu akwai tsofaffin da suka zauna a makon nan, ba su tsira ba.

Yanzu a gidan rediyo nake aiki. Idan aka kawo mini sanarwar yadda jama'a za su shirya in tashi ya kama, nakan karanta ta yadda aka rubuta, in ƙara abin da aka manta: takalmin da ba zai fita ba, da hannun ƙaramin yaro. Ba zan taɓa ce wa kowa ya zauna ba. Wanda ya tambaye ni, in ce masa ya fita da wuri. Amma idan na ji ana maganar 'yan gudun hijira kamar mutanen da suka tarwatse ba tunani, nakan gyara wa mai maganar, ko a gaban wa. An kore mu, gaskiya ne. Amma mun ɗaure kayanmu da hankalinmu, kowane yaro ya san inda za shi, kuma a gidanmu akwai wadda ba ta bi ranar da 'yan bindiga suka sa ba.

Ranar Lahadi da hantsi kwanakin suka cika. Inna ta yi wanka da ruwan da ya rage a duro, ta ɗaura sabon zane, ta sa kwalli. Mahaifina ya goya ta a keke har bakin titi, suka sami mota zuwa Tsafe, daga can aka kira Baffa da wayar wani mai shayi. Sun iso Tudun Wada kafin La'asar. Ranar Talata aka ƙone garin.