Gajeren Gashin Hajiya Ma'u

A Nassarawa GRA babu namijin da ya taɓa ganin gashin matar maƙwabcinsa, amma babu matar da ba ta san tsawon na kowa ba. Ana auna shi ne a ɗakin amarya ranar lalle, idan zafi ya sa an ajiye mayafai an kwance ɗankwali. Wadda nata ya sauka gadon baya Bafulatana ce ko Shuwa, kakanta ma wataƙila alƙali ne, sai a ba ta kujera mai hannu. Wadda nata ya tsaya a kunne kuwa, sai a tambaya a hankali daga wace unguwa aka auro ta.

Hajiya Ma'u daga Tudun Murtala aka auro ta, kuma nata ko kunnen bai kai ba. 'Yar tela ce. Alhaji Zubairu ya aure ta tun yana ƙaramin ma'aikaci, ya yi ta samun girma har suka tare a gida mai maigadi da bishiyar mangwaro. Komai nata ya ƙaru a gidan nan in ban da gashin. Ta shafa man shanu, ta shafa man kwakwa, ta sa an kawo mata haɗin Chadi da na Sudan. Safina mai kitso kan bi kan da farce kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ƙarin gashi kuma malamar Islamiyya ta ce haramun ne, Hajiya Ma'u kuwa a sahun gaba take zama.

Abu ɗaya take so a duniya: shugabancin ƙungiyar matan layinsu. Aikin ƙungiyar shi ne fitar da anko, da tsara wadda za ta zauna kusa da matar kwamishina, wani lokaci kuma a ambaci kwalbatin da ya toshe. Hajiya Najla ce ke riƙe da kujerar tun kafa ƙungiyar. Ba ta iya jawabi ba, amma ɗankwalinta ya iya zamewa a daidai lokacin da ya kamata, kitson ya zubo har ƙugu.

A wani lalle ne Hajiya Najla ta dubi kan Hajiya Ma'u, ta ce, "Hajiya, wai yaron nan har yanzu bai fara rarrafe ba?"

Aka yi dariya. Hajiya Ma'u ta bari aka gama, sannan ta gyara zama.

"Ai Hajiya, duk Umara sai mace ta yanke gashi tsawon gaɓar yatsa. Mu da muke yawan zuwa, ina zai samu sararin fitowa? Ku dai da kuke hutu a Dubai, Allah ya ƙara tsawo."

Akwai likita a wurin, akwai lauya, akwai mai digiri a lissafi, kuma dukansu sun san gaɓar yatsa ba ta cinye gashin mutum. Amma babu wadda ta yarda a gan ta tana yi wa ibada lissafi. Wata tsohuwa ta ce, "Masha Allah." Sauran suka amsa. Hajiya Najla ta jawo ɗankwalinta ta ɗaure tamau.

Daga ranar ma'aunin ya juye. Dogon gashi ya zama shaidar zaman gida da son duniya. Mata suka riƙa dawowa daga Makka da hannu mai nauyi a kan almakashi, gaɓar yatsan kowace kamar ta samudawa. Har Malama Perpetua, mai yi wa yaran layin darasin yamma, wadda ke yin aski tun tana makarantar kwana a Zariya, ta ga ana gaishe ta da wani irin girmamawa da ba ta gane dalilinsa ba. Da zaɓe ya zo, aka ɗaga hannu, Hajiya Ma'u ta hau kujera mai hannu.

Ba ta daɗe a kai ba, wata safiya Safina ta kwance mata kai, ta tsaya da mataji a hannu.

"Hajiya, albishirinki!"

"Goro."

"Fari ko ja? Wallahi ya motsa. Haɗin Chadin nan ya karɓe ki. Yau har shuku zan yi miki, ya kamu ba wahala."

Hajiya Ma'u ta karɓi madubi. Ga shi nan, baƙi wuluk, ya rufe kunne yana neman wuya, abin da take roƙo tun tana 'yar firamare. Ta shafa shi, ta sake shafawa. Sai ta tuna ranar Asabar akwai lallen 'yar Hajiya Najla, kuma za a yi zafi.

"Safina, miƙo min almakashi."

"Hajiya, gaɓar yatsa?"

"Ke dai mayar da shi yadda kika saba ganinsa. Kuma in na ji zancen nan a bakin kowa, kin gama kitso a layin nan."

Safina ta yanke, ta share, ta ƙulle a leda.

Hajiya Ma'u ta daina shafa komai, amma gashin bai daina fitowa ba, don haka Safina kan zo da almakashinta a jaka. Kujerar tana hannunta har yau, ba ta da abokiyar takara. Kwalbatin yana cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba.