Idon da Kawu Tela Ya Bayar Gwaji

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu! Ga Kawu Tela nan tafe, sarkin almakashi na layin bayan tasha, gwanin da ya ɗinka wa mai ƙaton tumbi riga har matar mutumin ta ɗauka ya rame, dattijon da likitoci suka daɗe suna leƙa cikin idonsa kamar masu neman guga a rijiya.

Shagonsa ɗaki ne ɗan ƙarami: keke ɗaya, benci mai gurguwar ƙafa, sai buhun ƙyallaye a bayan ƙofa. Buhun nan shi ne dokar shagon. Kawu bai taɓa ɗora yadin mutane a keke ba sai ya fara gwadawa a kan ƙyalle. Sabuwar allura, ƙyalle. Sabon zare, ƙyalle. Ko dutsen guga ya sayo, ƙyalle ne zai fara ɗanɗana zafinsa. Matarsa takan ce da akwai ƙyallen mace a kasuwa, da shi zai fara aura kafin ita.

Da girma ya zo, yanar ido ta fara rufe masa idanu, duka biyun. Ya je asibitin ido, aka tura shi ɗakin ƙarshe, wurin wani dogon likita mai fara'a da ke binciken sabuwar hanyar cire yana, wadda yankanta ɗan mitsitsi ne. Likitan ya ɗora masa haɓa a kan na'ura, ya haska, ya leƙa.

"Baba, idan ka yarda ka shiga bincikenmu, ido ɗaya muke ɗauka ga kowane mutum. Naka duk sun yi yana. Wanne ya fi damunka?"

Kawu ya yi lissafinsa na tela. Sabuwar hanya ai sabuwar allura ce. Idonsa na hagu kuwa malalaci ne tun yana yaro, bai taɓa ganin abin kirki da shi ba. Na dama ne ya ciyar da gidan duk shekarun nan. Wane tela ne zai miƙa yadi alhali ga ƙyalle?

"Na hagu," in ji shi. "Na daman fa?"

"Muna tare, Baba. Da hannuna zan yi maka shi. Sai dai kada ka bari kowa ya taɓa shi kafin mu gama, da shi muke kwatantawa."

Aka yi aiki, ido ya fito fes kamar sabon gilashi. Amma da aka tsayar da Kawu gaban allon haruffa, ƙaton harafin sama kaɗai ya iya kira, shi ma da ƙyar. Likita ya leƙa, ya sake leƙawa, ya sosa ƙeya.

"Baba, tsakani da Allah, idon nan ya taɓa gani sosai?"

"Ina fa! Ai shi ya sa na ba ku shi."

Likita ya yi dariya har da dukan tebur, ya kira ɗalibansa su zo su ji. Ya ce ba komai, warkewar yankan suke aunawa, kuma na Baba ya fi na kowa kyau.

Daga nan Kawu ya zama ɗan gida. Duk ranar awo yakan rufe shago, a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ɗalibai su yi layi suna leƙawa, ya dawo gida yana laluben bango. Da ya ga rana na shigowa ɗakin awon tana ɓata musu duhu, ya ɗinka musu baƙin labule mai ninki biyu. Idan ana hira a benci sai ka ji ya ce, "Yaron nan nawa, likita..."

Yanar idon dama kuwa sai daɗa kauri take yi. Surukinsa direba ya zo ya durƙusa ya ce akwai wani asibiti a hanyar da yake bi, su je a cire.

"Na ba yaron nan kalmata," in ji Kawu. "Ba a zare ɗinki ana tsakiyar gwaji."

"Kai da gwajinka!" matarsa ta ce daga tsakar gida. "Sai ka ɗinke hannunka da yadi tukuna."

Bai ɗinke hannu ba, amma ya ɗinke aljihun wandon wani malami ruf, ya kuma bi baƙin yadi da shuɗin zare tun daga wuya har ƙasa. Masu kawo ɗinki ba su yi masa faɗa ba. Suka riƙa gaishe shi da ladabi suna wucewa shagon tsallaken titi, abin da ya fi faɗan ciwo.

Da lokacin awon ƙarshe ya yi, Kawu ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki jakar kwana, don a ransa yau za a sa ranar na dama. Ya tarar da ɗakin ƙarshe a buɗe, babu na'ura, sai kwalaye. Labulensa ne aka lulluɓe su da shi saboda ƙura.

Nas ɗin da ta saba ɗiga masa magani ta auna idon a wani ɗaki, tana kauce wa fuskarsa. An rufe bincike, in ji ta. Likita ya samu babban wuri, ya yi nisa.

"Bai bar min saƙo ba, 'yata?"

"Ya ce a gode wa duk waɗanda suka shiga."

"Duk?"

"Duk, Baba."

Na dama kuma sai ya bi layin jiran aiki na kowa da kowa, layin da da ya shiga tun farko, da tuni an wuce wurin. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki jakarsa ya dawo, ya ajiye ta a ƙarƙashin keke, kuma tun ranar ba wanda ya sake jin "yaron nan nawa" a bakinsa. Har yau sunansa na layi.

Kwanan baya na je asibitin, na ga hoton wani ido manne a bango, girmansa ya kai faranti. Nas ta ce na Kawu ne, har ƙasashen waje an nuna shi a taron manyan likitoci. Ban tsaya ba sai shago. Na same shi yana bin bakin yadi da yatsa, hancinsa na neman taɓa allura.

"Kawu, albishirinka! Idonka ya shiga jirgi! Manyan duniya sun tafa masa!"

Bai ko ɗago kai ba.

"Ai ba da shi nake ɗinki ba," in ji shi.