Ranar da Tsoro Ya Bar Yayana

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta shekarar da yayana ya faɗi a kan babur ba, ya tashi da fuskarsa amma da halin wani mutum daban.

Noman rani yake yi a yankin Kura, kuma kowa ya san shi da taka-tsantsan. Ko sabon iri aka kawo, sai ya gwada shi a gefen gona shekara guda kafin ya yarda da shi. Wata rana yana dawowa daga kasuwar Bunkure, babur ya zame da shi, goshinsa ya bugi simintin gada. Ya yi jinya ya warke, muka yi sadaka, muka ɗauka an wuce wurin.

Bayan an yanke shinkafa, wani baƙo ya same mu a gona da rana tsaka. Ya ce a ba shi amfanin gaba ɗaya, zai juya shi, nan da wata uku ya dawo da ninki. Ba takarda, ba shaida. Ina jiran Yaya ya kore shi, sai na ji ya ce a kawo mota.

Na ja shi gefe na ce, "Yaya, ka san mutumin nan kuwa?"

Ya ce, "Ban taɓa ganinsa ba." Sai ya dafa ƙirjinsa yana wani murmushi da ban san shi da shi ba. "Ka ga, da can in irin wannan ya zo, akwai abin da yake matse ni a nan. Yanzu na saurara, shiru nake ji. Kamar ɗakin da aka kwashe kaya."

Na roƙe shi, ya ƙi. Motar ta tafi, ba mu sake ganin baƙon ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Yaya ko a jikinsa. Sati bai cika ba ya fara maganar jinginar da gonar ga wani baƙon.

Innarmu ta ce sammu ne. Matarsa kuwa kuka ta yi mini, ta ce, "Muryarsa ce, tafiyarsa ce, amma ba shi ba ne."

Da ƙyar muka mayar da shi asibiti a Kano, aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya nuna mini wani tabo a bayan goshi, ya ce, "Hankalinsa lafiya. Wurin da ke ce wa mutum ya dakata ne ya ji rauni."

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. Da muka koma gida ya ɗauko takardun gonar ya miƙa wa matarsa, ya ce, "Riƙe. Ni tsorona ya tafi, sai ki riƙa ara mini naki." Har yau yana noma, kuma ba ya ƙulla ciniki sai ta amince.

Tun daga nan na daina kiran wanda aka damfara wawa, na kuma daina alfahari da wayona. Na gane wayon ajiya ce Allah ya yi mini a cikin ɗan naman da ke bayan goshi, faɗuwa ɗaya ta isa ta raba ni da ita.