Kyanwar Maƙwabta da Saiwar Valerian

"Hajiya, tun yaushe kike shan wannan?" in ji 'yata, likita a Manchester, da ta zo gani na. Tana riƙe da kwalbar saiwar valerian, maganin kwantar da hankali, da na ɓoye bayan gwangwanin shayi.

Kyanwar maƙwabta ce ta tona ni, da ta yi ta kartar kabad. Tun rasuwar maigidana kyanwar take ziyartata a gidana na unguwar Sparkbrook kullum da hantsi, har na ɗauka ƙaunata take yi.

"Warin saiwar ke kawo ta, Hajiya," in ji 'yata.

Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ce wa kowa ina jin tsoro ba. Amma wata bakwai ke nan gabana yana faɗuwa babu dalili, da jiƙon nan nake lallaɓa shi.

"Ki dawo wurina, mu ga GP, likitan unguwa. Kina shan maganin hawan jini fa, bai kamata ki haɗa su haka kawai ba."

Na ce, "Gidana ba zan bari ba. Amma don Allah ki ƙara kwana biyu."

Ban taɓa roƙonta komai ba sai ranar.

Ku da iyayenku ke cewa "lafiya lau" a waya, kuna sake tambaya kuwa?